Ga 'yan Zamfara da suka shigo Amurka kwanan nan

Salam 'yan uwa. Wani ƙanena ɗan Talata Mafara da ya zo karatu ya ce min wai Yaya duk wanda na tambaya maganar takardu amsarsa daban, na ce masa ai kowa dokar shekarar da ya shigo yake faɗa maka, ba ƙarya suke ba.

Manyan jam'iyyun Amurka biyu, Democrat da Republican, ba sa ga maciji kan maganar baƙi, shi ya sa majalisa ta cije. Rabon da a yi babbar dokar da ta ba marasa takardu izinin zama tun 1986 zamanin Reagan, a 2013 majalisar dattawa ta amince da wata da ƙuri'a 68 da 32 amma majalisar wakilai ko ƙuri'a ba ta jefa a kai ba. To sai shugaban ƙasa ya koma aiki da biro, wato ya sa hannu a umarni shi kaɗai ba tare da majalisa ba, na bayansa ya zo ya soke. Farkon 2020 Trump ya hana 'yan Najeriya bizar zama na dindindin, ranar da Biden ya hau a Janairun 2021 ya ɗage, Trump ya dawo, a Yulin 2025 bizar ziyara ta koma wata 3 shiga ɗaya. Mu da muka ga kotun ƙoli ta juya Zamfara rana guda a 2019 ai bai kamata mu yi mamaki ba.

Don haka kada ka sayi tikitin zuwa gida sallah ko bikin ƙanwa sai ka tambayi ofishin ɗalibai baƙi na makarantarku ko lauya, fita sauƙi ne, dawowar ce aiki. Guruf ɗin WhatsApp ba lauya ba ne.

Dokar shige da fice ta 1996 kuwa kowa ya hau tana nan daram, ka zarce wa'adinka da fiye da kwana 180 ka fita, shekara 3 ba ka dawowa, in ya kai shekara to 10 ce. In ka sake gida kwana 10 gare ka ka sanar da hukumar shige da fice. Jihohi ma ba ɗaya ba, yadda 'yan sandan Texas ke haɗa kai da jami'an shige da fice ba haka California take ba.

Wurin yin lasin tuƙi za a iya tambayarka ko kana son rajistar zaɓe, don Allah ka ce a'a, wanda ba ɗan ƙasa ba in ya jefa ƙuri'a ana iya korarsa.