Yadda ake haɗe ƙungiyoyin raya karkara ba tare da an watse ba

Sau da yawa zaka ga yanki ɗaya ƙungiyoyi uku ko huɗu, wannan ta cigaban al'umma, waccan ta raya karkara, kowacce da ofis ɗinta da sakatarenta da akantanta, alhali mutanen da suke wa aiki ɗaya ne. Sai a yi wa ƙauye ɗaya aiki sau biyu, na gaba da shi ko leƙawa ba a yi ba. To anan haɗewa take da amfani, amma in aka yi ta da gaggawa ɓarnarta ta fi gyaranta.

Kar ku fara da maganar suna ko waye zai zama ciyaman, wallahi nan ake rabuwa tun kafin a zauna. Ku kafa ƙaramin kwamiti, kowace ƙungiya ta kawo mutane daidai da na ɗayar komai ƙanƙantarta, sannan kowa ya baje littafinsa a tebur. Nawa ke asusu, nawa ake binku bashi, motoci da kwamfutoci da filaye sunan wa ke kan takardunsu, akwai shari'a a kotu ko babu. A ɗauko odita daga waje ya duba. Wanda ya ƙi buɗe littafi yau, gobe bashinsa ku zai hau.

Wajen da mutane suka fi tuntuɓe shine kuɗin tallafi. Yawanci yana zuwa da sharaɗi, an baku ne domin aiki kaza a wuri kaza, ba ku da ikon juye shi cikin asusun sabuwar ƙungiya sai mai bayarwa ya amince a rubuce, kuma in kuka yi gaban kanku zai iya cewa ku dawo masa da kuɗinsa. Ku rubuta musu tun da wuri.

Ta fuskar doka hanya biyu ce, ko ɗaya ta shige cikin ɗaya, ko duka su rushe a yi rajistar sabuwa. Ni na fi son ta biyun duk da ta fi cin lokaci, saboda babu wanda zai ji an haɗiye shi. Lauya zai faɗa muku abinda dokar ƙasarku ta tanada.

Ma'aikata kuma a faɗa musu gaskiya kafin su ji a bakin wani. In akanta biyu ne kujera ɗaya, a faɗi yadda za a zaɓa da haƙƙin wanda zai tafi.

Abinda ya fi damuna shine ƙauyukan nesa. Da an haɗe sai babban ofis ya koma gari, tsohuwar da a da take taka ƙafa ta kai kokenta yanzu sai ta yi tafiyar wuni, ta iske mai sa hannu baya nan. Dan Allah ku rubuta cikin tsarin mulkin ƙungiyar cewa ƙauyuka suna da kujerunsu a kwamitin gudanarwa, kuma ko an rufe ƙaramin ofis a sa ranar da ma'aikaci zai riƙa zuwa duk sati. Wannan ba sabon abu bane, shirin raya karkara mai suna LEADER da Tarayyar Turai ta fara a 1991 an gina shi ne akan mutanen karkara su zaɓi aikin da suke so da kansu, kuma ƙasar Ayilan daga baya ta haɗe ƙungiyoyinsa da na cigaban al'umma, a 2014 ta yi dokar da ta kafa kwamitocin da ke haɗa ayyukan a ƙananan hukumomi.

Kafin a sa hannu ku gwada aiki ɗaya tare na wata shida, rajistar masu amfana guda ɗaya, lambar waya ɗaya ta kai koke. Ku rubuta kwana nawa mutum ke jira kafin a amsa masa yanzu, bayan shekara ku sake aunawa ku karanta sakamakon a gaban taron jama'a.