Yadda Ake Hawan Dutse da Igiyar Ƙarfe a Karon Farko

Mutanen Italiya suna kiran wannan hawa via ferrata, wato hanyar ƙarfe. A duwatsun Dolomite da ke arewacin Italiya, sojoji ne suka kafa wasu hanyoyin tun yaƙin duniya na farko.

1. Nemi jagora mai lasisi, ka gaya masa kai sabon shiga ne. Zai zaɓa maka hanya mai sauƙi.

2. Sa hular kwano, ka ɗaura ɗamarar ƙugu, jagoran ya duba ta da hannunsa.

3. Ƙugiya biyu ke jikin ɗamarar, maƙala su duka a igiyar ƙarfen da aka kafa a jikin dutsen. Idan ka iso turken da ke riƙe da igiyar, cire ɗaya ka maƙala ta gaba, sannan ka bi da ta biyun. Kada ka taɓa cire su tare, ko da wurin a shimfiɗe yake. Nan ne ake yawan ganganci.

4. Mutum ɗaya tak tsakanin turke biyu. Jira na gabanka ya wuce.

5. Dogara da ƙafa, hannu saurin gajiya gare shi.

6. Fita da sassafe. A lokacin zafi hadari kan haɗu da yamma, wutar aradu kuwa tana bin ƙarfe.