Ku Kai Yara Gonar Malam-Buɗe-Littafi da Safe

Iyaye, in hutu ya kai ku ƙasa mai zafi kuma za ku kai yara gonar malam-buɗe-littafi, ku isa lokacin da ake buɗe ƙofa.

Da safe ne galibin malam-buɗe-littafi ke fitowa daga kwanson da tsutsar ta rufe kanta a ciki. Ku fara da akwatin da ake rataye kwansunan. Sabon fitowa fukafukansa a jiƙe suke, a naɗe, sai ya rataya awa 1 zuwa 2 kafin ya iya tashi. A nan yaro zai ƙare masa kallo. Da rana ta take, zafi da damshin cikin gonar kan gajiyar da ƙananan yara cikin minti kaɗan, ku riƙe musu ruwan sha.

Ku sa musu kaya masu launi mai haske, ja ko ruwan ɗorawa, malam-buɗe-littafi sun fi sauka a kansu. Kada a shafa maganin sauro kafin shiga, da ƙafafu suke ɗanɗano kuma yana cutar da su.

Ku ja wa yara kunne tun a ƙofa: ba a kama fiffike. Garin da ke manne wa yatsa ɓawon fiffiken ne, ba ya sake tsirowa. Su riƙa duba ƙasa kafin su taka.

Kyamarar da ta fito daga ɗaki mai sanyi za ta yi hazo, ku ba ta minti 15 ta ɗumama.

In an wayi gari da hadari ko ruwan sama, dabarar ba ta aiki, zama kawai malam-buɗe-littafi suke yi a ƙarƙashin ganye. Ku tambaya ko tikitin ya ba da damar dawowa wata rana.