Idan fayil ɗin .txt ya ƙi buɗewa da Notepad++

Matsalar nan tana damun mutane sosai, ka saka Notepad++ (manhajar rubuta da gyara rubutu) a kwamfuta mai Windows amma duk lokacin da ka danna fayil sau biyu sai tsohon Notepad ya fito, wani lokacin ma Word.

Gyaran ba wuya. Danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, ka shiga Open with, sai Choose another app, ka zaɓi Notepad++ sannan ka tabbata ka danna Always, don nan ne yawancin mutane suke kuskure, su danna Just once gobe abin ya dawo. In baka ganshi a jerin ba, ka nemo shi da kanka a C:\Program Files\Notepad++, fayil ɗin notepad++.exe.

In ya ƙi zama, shiga Settings, Apps, Default apps, ka rubuta .txt ka canza daga can. Kowane nau'i daban ake saita shi fa, .log da .csv ba za su bi .txt ba.

Don Allah kar ka haɗa .bat (fayil mai ɗauke da umarnin da kwamfuta ke gudanarwa) da edita irin Notepad++, in kayi haka danna shi ba zai ƙara gudanar da shi ba, sai dai ya buɗe maka rubutun ciki.