Daga hoton jarida zuwa fim ɗin dokumentari: abin da za ka koya sabo

Wanda ya ƙware a hoton jarida ya riga ya san haske, ya san inda zai tsaya. Lokaci da sauti ne ke kayar da shi idan ya koma dokumentari, wato fim ɗin abin da ya faru da gaske.

Hoto ƙiftawar ido ne, fim kuwa sai da zama. Tim Hetherington, mai ɗaukar hoton jarida ɗan Birtaniya da ya ci babbar kyautar gasar hoton jarida ta duniya, World Press Photo, ta 2007, shi da ɗan jaridar Amurka Sebastian Junger sun yi ta komawa wurin rukunin sojojin Amurka guda a kwarin Korengal na Afganistan daga 2007 zuwa 2008, kafin fim ɗinsu Restrepo ya fito a 2010. Saboda haka ka zaɓi mutum ɗaya wanda wani abu ke shirin canzawa a rayuwarsa, ka bi shi. Tun ranar farko ka gaya masa inda za a nuna fim ɗin, ka ɗauki amincewarsa a rubuce ko a gaban kyamara.

Sai saiti. Inda wutar lantarki take hertz 50, wato tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kamar Najeriya, Nijar da Turai, ka ɗauka a firam 25, wato hotuna 25 a daƙiƙa, shata kuma, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kyamara a kowane hoto, a kan 1/50 na daƙiƙa. Idan ka bar kyamara a firam 30 da shata 1/60 irin na Amurka, hasken wasu ƙwayayen fitila zai riƙa rawa a hoton. Kada ka ƙara gudun shata don rana ta yi ƙarfi yadda ka saba. Motsi zai fito a yayyanke. Gilashin rage haske, ND, za ka ɗaura.

Hannunka ya saba dannawa ya wuce. Hana shi. Kowace ɗauka ka riƙe ta daƙiƙa 10 aƙalla, ba zuƙowa, ba waige-waige. Idan tela kake ɗauka, ɗauki hannunsa a kan keke, fuskarsa, shagon gaba ɗaya, sannan ta bayan kafaɗarsa. Da waɗannan mai tacewa, wato edita mai yanke hotuna ya jera su, zai haɗa zance.

Sauti kuwa, nan ne aiki ya fi lalacewa. Mai kallo yakan haƙura da hoto mai duhu, amma da ya kasa jin magana zai tashi. Makirufon jikin kyamara ba na hira ba ne. Maƙala ƙarami a ƙirjin mai magana, kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓarsa, inda mayafi ko carbi ba za su goge shi ba. Saita ingancin naɗin sauti a 48 kHz, ƙarfin murya kuma ya riƙa kaiwa wajen -12 dB a ma'aunin sauti na na'urar. Idan ya taɓa sifili muryar ta fashe, gyaranta da wuya. Abin sauraro ya zauna a kunnenka har a gama, don shi zai nuna maka ƙugin janareto, fanka da firij. Roƙi a kashe su. Bayan hira kowa ya yi shiru daƙiƙa 30 ka naɗi sautin ɗakin, da shi ake cike gurbin da aka yanke.

Wajen tambaya, guji wadda amsarta "e" ko "a'a" ce. Kuma kada ka riƙa cewa "haka ne" yana cikin magana, muryarka za ta hau tasa. Gyaɗa kai ya isa. Idan ya yi shiru, dakata kaɗan, sau da yawa a nan yake faɗin abin da ke ransa.

Kowane dare ka kwafe katin memori zuwa ma'ajiya biyu daban-daban, ka buɗe ka tabbatar suna yi kafin ka goge katin.