Babi na 9: Idan Bugun Zuciya Ya Rikice

Darasi na 1

Iyayena da yayyena, zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. A wannan ciwo ɗakunan sama sukan daina matsa jini sosai, sai karkarwa kawai. Bugun sai ya fita babu tsari, kamar makaɗin kalangun da kiɗa ya kuɓuce masa: ya yi sauri, ya ɗan tsaya, ya sake yankowa. Idan kun ga likita ya rubuta haruffa biyu a katinku, A da F, wato atrial fibrillation a Turance, wannan ciwon yake nufi. Ku rubuta su a littafinku yanzu.

Hawan jini yana kawo shi, haka tsufa, ciwon sukari, lalacewar ƙofofin zuciya da shan giya. Wani zai riƙa jin faɗuwar gaba, ko jiri, ko haki in ya hau gadar tsallake titi a Oshodi. Wani kuwa ba ya jin komai, yana can yana sayar da tumatirinsa a Mile 12. Haɗarin duk ɗaya ne. Jinin da ba a tura shi da kyau yakan kwanta a ɗakin sama ya daskare, gudan ya ɓalle ya je ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Mai wannan ciwo ya fi wanda ba shi da shi shiga wannan haɗari wajen sau 5.

Darasi na 2

Yanzu za mu koyi gwada bugun zuciya a wuyan hannu. A nan aka fi yin tuntuɓe, don haka sannu a hankali za mu bi. Ku zauna ku huta minti 5. Ku juya hannun hagu, tafin yana kallon sama. Ku ɗauki yatsu biyu na dama, manuni da na tsakiya, ku ɗora a wuyan hannu, ta ɓangaren babban yatsa. Ban ce ku ɗora babban yatsa ba. Shi ma yana da nasa bugun, zai ruɗe ku. Yatsu biyu. Kada ku danna da ƙarfi, jijiyar za ta ɓuya. In ba ku ji ba, ku ɗan gusa, ku sake. Babu abin kunya, kowa da haka ya fara.

Kun ji yana motsi? Madalla. To ku dubi agogo ko waya, ku ƙirga har daƙiƙa 60. Daƙiƙa 60 ita ce minti 1, cikakke. Babba mai hutawa yakan samu tsakanin 60 da 100. Amma ba adadin kaɗai muke nema ba. Ku lura da tazarar da ke tsakanin bugu da bugu: iri ɗaya ce, ko tana canzawa?

Mu sake. Tafi sama, yatsu biyu, ɓangaren babban yatsa, minti 1. Hajiya, kada ki tsaya a 20 ki ce kin gane. Wanda bugunsa ya rikice, ƙirgar rabin minti ba ta nuna gaskiyarsa. Mu sake kuma. Yatsu biyu, minti cikakke, sannan a rubuta kwanan wata, lokaci da adadi, a sa alamar ✓ in bugun a jere yake, a sa X in a rikice yake.

Ina gani a aji, da na juya baya sai babban yatsa ya koma wurin. Haba jama'a! Kuna ƙirga kuɗin buhu ɗari ba kuskure, ƙirgar minti ɗaya ce za ta gagare ku? Ku yi shi safe da yamma. In X ya yawaita, ku ɗauki littafin ku je asibiti a yi muku gwajin ECG, wato na'urar da ke zana bugun zuciya a takarda, domin shi ne yake tabbatar da ciwon. A Legas akwai likitocin zuciya a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja.

Darasi na 3

Magani kashi biyu ne. Akwai mai rage gudun zuciya, irin su Bisoprolol da Digoxin. Akwai mai tsinka jini don kada ya daskare, kuma a nan ake zaɓi.

Warfarin tsoho ne, yana da araha, amma dole a riƙa gwajin jini mai suna INR, wanda yawanci ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ganye kamar alayyafo da ugu yana taɓa aikinsa. Ba a ce ku daina ci ba, ku dai ci daidai yadda kuka saba. Sababbi irin su Apixaban da Rivaroxaban ba sa bukatar wannan gwaji, sai dai tsada, kuma ba a ba wanda aka sa wa ƙofar zuciya ta ƙarfe. A ganina, maganin da aljihunka zai iya ɗauka kowane wata ya fi wanda za ka saya sau biyu ka bari. Ku gaya wa likita ƙarfinku da nisan gidanku, kada kunya ta hana. Asfirin ba ya maye gurbin waɗannan.

Kada ku ajiye magani don kun ji sauƙi. Sau nawa zan faɗa?

Darasi na 4

Mai shan maganin tsinka jini ya guji ƙaho da tsagar wanzami, da Ibuprofen da Diclofenac na kemis, da jiƙe-jiƙen da ake talla a tasha. In ya ga baƙin bayan gida, ko haɓon da ya ƙi tsayawa, sai asibiti. Kafin azumi a tambayi likita lokutan sha.

Baki ya karkace, hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, alamun shanyewar ɓarin jiki ke nan, a kira lambar gaggawa 112 ko 767 nan take, ko a nemi mota.

Darasi na 5

Ana iya daidaita bugun da na'urar lantarki, ko a zura siririn bututu ta jijiya a ƙona inda rikicin yake tasowa. Likita ne zai ce ko ya dace da ku.

Aikin gida: ku gwada bugun mutum biyu a gidanku, da yatsu biyu, minti 1 cikakke, ku kawo abin da kuka rubuta.