Yadda Baƙo Zai Samu Aikin Gona a Zariya

Wanda ya sauka a Kwangila, babbar mahaɗar hanyoyi a Zariya, da ƙullin kayansa, da niyyar ƙwadago, gadar sama zai fara gani da 'yan acaɓa, ba gona ba. Kada gwiwarsa ta yi sanyi. Gonaki sun yi wa Zariya ƙawanya: ta Samaru da Shika har Giwa, ta Dakace zuwa Maigana da Soba, ga kuma Hunkuyi da Maƙarfi. Aiki yana nan, sai dai ba a saka mutumin da ba a san asalinsa ba cikin gona, musamman a 'yan shekarun nan da tsaro ya sa kowa ɗari-ɗari.

Saboda haka kafin ka nemi fartanya, nemi wanda zai tsaya maka. Tambayi inda mutanen garinku suke, ko daga Maraɗi ka fito, ko Zamfara, ko wani ƙauyen Katsina. Mai shayi ya san su, mai yankan farce ma ya san su. Idan ka samu mai masauki, roƙe shi ya kai ka wurin mai unguwa ku gaisa. Ka durƙusa, ka ce, "Ranka ya daɗe, ni baƙo ne, ci-rani na zo, ina wurin wane." Wannan gaisuwar ta minti biyar ita za ta cece ka ranar da aka yi sata a unguwa aka fara kallon baƙi. Katin shaidarka ya kasance a aljihu, cikin leda saboda ruwa. In daga Nijar kake, takardun shigowarka su zama daidai.

Sai ka duba watan da ka zo. Damina a nan takan zauna daga Mayu zuwa Oktoba, kuma masara ce sarauniya. Kafin ruwa ya sauka ana sharar gona da kai taki. Yuni da Yuli ne lokacin da ake rububin 'yan ƙwadago, shuka da noman farko da maimai da huɗa duk sun haɗu, mai gona na neman hannu ido rufe. Agusta aiki kan ja baya, kada ka ɗauka kai aka ƙi. Daga Oktoba zuwa Disamba kuma sai kaka: karyar masara, yankan shinkafa, cirar waken soya, casa da ɗura buhu.

Kayan aiki naka ne. Fartanya da lauje da adda, sai garma in kana iya huɗa. Wanda ya zo hannu rabbana ana yi masa kallon wanda bai shirya ba. A kasuwar Sabon Gari ko wurin maƙera za ka samu, ka sa a gyara maka ƙota daidai tsawonka.

Yanzu sai fita. Ka yi asuba a masallacin bakin gari, ba na tsakiyar birni ba, ka bi 'yan ƙwadagon unguwar zuwa inda suke tsayawa. Kada ka tsaya kai kaɗai. Masu gona sun fi son ɗaukar gungu, kuma kowane gungu da babbansa mai yin ciniki. Shi za ka kama. Ranar farko ka yarda da abin da aka ba ka, aikinka ake kallo a ranar, ba bakinka ba.

Samaru tana da nata sirrin. Nan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take, wadda tushenta ya koma 1922, ga kuma cibiyar binciken dabbobi a Shika. Ma'aikata da malamai da yawa suna da gonakinsu amma ofis ya riƙe su. Irin waɗannan mai amana suke nema, wanda za a bar wa buhun taki a dawo a tarar ya shiga ƙasa. Ka samu ɗaya, ka samu abokansa.

Inda baƙi suka fi ƙonewa shi ne ciniki. Aiki iri biyu ne, na yini da na jinga. Na yini an san lokacin tashi. Jinga kuwa kuɗin aikin gaba ɗaya ake yankewa, ko ka gama a kwana biyu ko a mako. Kada ka taɓa karɓar jinga daga bakin hanya. Shiga gonar, ka taka ta har ƙarshe, ka ƙirga kunyoyi, ka sa hannu ka tuge ciyawa. In ƙiri-ƙiri ce ko aya-aya, aikin ya ninka, don saiwarsu ba ta fita da sara ɗaya. Na ga wani yaro ya amsa jingar da ya hango daga kan babur, bai san bayan gonar laka ce ba. Kwana huɗu ya yi kan kuɗin kwana biyu. In mai gona ya taya, ka ce, "Albarka, Alhaji, dubi ciyawar nan dai." Ku daidaita a gaban shaida, a kuma faɗi ko da abincin rana, da wanda zai biya kuɗin mota, da ranar biya. Maganar "sai an sayar da amfani" ba ta baƙo ba ce.

In an ba ka feshi, ka rufe hanci da baki, ka sa doguwar riga, kada ka bari iska ta dawo maka da maganin, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci.

Da kaka ta wuce, kada ka yi saurin ɗaure kaya. Gangara fadamun kogin Galma, inda ake noman rani: tumatir, albasa, attarugu, rake. Masu lambu na buƙatar mai dashe, mai ban ruwa da inji, mai tsinkar tumatir cikin kwando, da mai kwana gadi. Tun ana karyar masara ka fara tambayar wanda ke da lambu a cikin masu gonar da ka yi wa aiki, ka bar masa lambar wayarka, domin kafin sanyi ya kankama an riga an raba wuraren.